Kwana Goma Sha Tara da Akwatin Alhaji Mudi

Zuwa ga Babban Jami'in ofishin 'yan sandan da aka tsare mahaifina,
Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Allah Ya sa haka, amin.

Za ka lura ban rubuta sunanka ba, ban kuma rubuta sunan ofishinka ba. Ba tsoro ne ya hana ni ba, tsoro ya ƙare mini tun watanni bakwai da suka wuce. Dalili shi ne babu kotun da ta kama ka da laifi, ni kuwa yanzu na san cewa ba a ɗaga fuskar mutum a nuna wa duniya kafin alƙali ya yi magana. Wannan alfarmar da na yi maka ita ce ofishinka bai yi wa mahaifina ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kai ma in takardar nan ta iso teburinka za ka gane taka ce.

Sunana Hajara. Mai buga takardu ce ni a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni ba 'yar jarida ba ce, ba kuma 'yar siyasa ba. Sau uku ina rubuto maka a rufe, sau shida ina zuwa da ƙafata, kullum amsa ɗaya ake ba ni a kantar ofishinka: oga ba ya nan. Shi ya sa na rubuta wannan a buɗe, ko Allah zai sa ta same ka a inda kake.

Mahaifina shi ne Malam Idi, wanda duk Yangoji ke kira Baba Mai Ajiya. Ya zauna a garin nan tun Abuja tana daji. Yana da rumfa a bakin titin Lakwaja inda yake sayar da igiya da tabarmi da buhunan wofi, amma ba wannan ne ya sa aka san shi ba. A bayan rumfar akwai wani ɗan ɗakin kwano, kuma shekara talatin ke nan duk wanda kaya suka yi wa nauyi nan yake kawo su. Matan Gbagyi masu doya in kasuwa ta watse da ragowar kaya, nan suke sauke su. Masu tukwane daga Kwali in ba a saye duka ba, nan. Direba ya bar taya, manomi ya bar irin shuka, ɗan ci-rani ya bar ƙunshin tufafinsa ya tafi sai kaka. Baba ba ya karɓar ladan ajiya, ba ya rubutawa, a ka yake riƙe komai, kuma ban taɓa jin an ce ko allura ta ɓata a hannunsa ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya buɗe ajiya, ba ya tambayar abin da ke ciki. In ka kawo buhu a ɗinke, a ɗinke za ka same shi. Muna yara mun sha ranƙwashi a kan leƙen ƙullin mutane. Yakan ce, "Wanda ya ba ka ajiya asirinsa ya ba ka, ba a tona wa mutum asiri don ya yarda da kai." Na san abin da za ka ce, Yallaɓai, za ka ce wannan sakarci ne a zamanin nan. Wataƙila haka ne. Amma yarda da mutane ba laifi ba ne a dokar ƙasar nan.

Ajiya ɗaya ce kaɗai Baba ya san abin da ke cikinta, ita ma don mai ita ne ya buɗe da hannunsa ya nuna masa. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne kore, na Alhaji Mudi, aminin Baba tun suna samari. Likkafaninsa ne a ciki. Da ya je Makka ya sayi farin yadi, ya tsoma shi a ruwan Zamzam, ya shanya, ya naɗe, kamar yadda tsofaffinmu kan yi. Bai bar shi a gida ba saboda matarsa takan fashe da kuka duk lokacin da ta gan shi. Shekara takwas akwatin yana ɗakin Baba. Ka riƙe shi a ranka, zan dawo kansa.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wani direban tifa mai jigilar yashi zuwa cikin birni, yakan tsaya ya yi azahar a rumfar Baba. Wata rana ya sauke buhu uku a ɗinke, ya ce motarsa ta ba shi matsala, zai dawo jibi ya ɗauka. Kafin jibin, ranar Laraba da hantsi, sai ga motar 'yan sanda daga ofishinka. Da aka farke buhunan sai ga wayar wuta da aka sace a wani wurin da ake gina rukunin gidaje, irin gine-ginen nan da ke tsirowa ko'ina a birnin nan tun da kuɗin mai suka yi yawa. Ban yi musun wannan ba. Ban kuma ce kada a tambayi Baba ba, duk wanda aka samu kayan sata a ɗakinsa dole ya yi bayani. Amma yaranka sun kwashe ɗakin ƙaƙaf, da doya da tukwane da ƙunshin mutane da koren akwati, suka loda a bayan mota, suka ɗora tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai a kan kayan. Daga nan ne ƙorafina ya fara.

Na ɗaya. Kundin tsarin mulkin ƙasar nan, a sashe na talatin da biyar, ya ce duk wanda aka kama sai an sanar da shi a rubuce, cikin awa ashirin da huɗu, da harshen da yake ji, dalilin kama shi. Baba yana jin Hausa, yana jin Gbagyi, yana karanta ajami. Turanci kuwa ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Babu wanda ya ba shi takarda, babu wanda ya zaunar da shi ya ce ga abin da ake zarginka da shi. Kwana uku yana tsammanin shaida aka kawo shi ya bayar a kan direban tifa, har yana tambayar masu gadinsa ko an samu yaron, ko yana lafiya.

Na biyu. Wannan sashen dai ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru, kada ya amsa tambaya sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa da kansa. Babu wanda ya faɗa wa Baba haka. A nan kuwa dole in faɗi nawa laifin, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Washegari Alhamis na zo ofishinka tare da ƙanin Baba, Kawu Sale, wanda shi ne babba a danginmu bayan Baba. Tun a mota na ce mu nemi lauya. Kawu ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ke 'yar boko, mai gaskiya ba ya ɗaukar lauya. Ranar da muka shiga da lauya mun shaida wa duniya yayana ɓarawo ne, mun kuma ja da hukuma. Da lalama ake bin hukuma." Haka mutanenmu suka ɗauki abin, ba Kawu kaɗai ba. Ni kuma aka haife ni a gidan da mace ba ta mayar wa kawunta magana, sai na ja bakina.

Aka fito da Baba kan kanta na 'yan mintoci. Wani kofur yana riƙe da takarda shafi biyu da ya rubuta da Turanci, ga tawada a gefe. Ya ce, "Baba, kai dangwala kawai, oga ya ce za ka tafi gida." Na ce a ba ni in karanta. Ya rufe takardar da tafin hannunsa, ya ce ba ta dangi ba ce, ƙa'ida ce kawai. Kawu ya ce, "Yaya, yi abin da suka ce." Baba bai dubi kofur ba, bai dubi Kawu ba, ni ya duba, ni da ya sayar da awakinsa ya kai ni makaranta. Ya ce, "Hajara, in sa?" Na gyaɗa kai. Wallahi, Yallaɓai, har in koma ga Allah ba zan manta da wannan gyaɗa kan ba. Ni da nake cin abinci da karanta takarda, na sa ubana ya dangwala a kan takardar da ban karanta ba.

Abin da ke cikinta, kamar yadda muka ji daga baya, shi ne wai Baba ya san wayar ta sata ce, wai shekara uku yana ɓoye wa direban kaya, wai ana ba shi kasonsa. Jahilcinmu namu ne, na yarda. Amma kofur ɗinka ba jahili ba ne. Ya san abin da ya rubuta, ya san tsohon nan ba ya karanta shi, ya kuma san babu gidan da za shi a ranar.

Kuskurenmu bai tsaya nan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya tara dattawan unguwa, da liman, da Alhaji Mudi da sandarsa, aka ɗauki hayar bas aka zo ofishinka ban-haƙuri. Suka cire takalma a ƙofar ofis, suka durƙusa, suka ce a yi haƙuri, a yafe masa, tsoho ne. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san a wurinmu ban-haƙuri ba amsa laifi ba ne. Ko kai aka taka, in babba ne ya taka ka, kai ke cewa a yi haƙuri. Amma a cikin fayil ɗin Baba an rubuta cewa dangi da shugabannin unguwa sun zo sun amsa laifinsa, suna neman sassauci. Ladabin dattawanmu aka mayar hujja a kan wanda suka zo ceto. Haba Yallaɓai!

Na uku. Kundin ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, matuƙar akwai kotu a tsakanin kilomita arba'in. Kotun majistare tana kallon ofishinka, daga ƙofarka ana hango tutarta. Baba ya kwana goma sha tara a ɗakin tsare mutane kafin a tsallaka da shi titin nan. A ɗakin babu wurin miƙe ƙafa, ga bokitin bahaya a kusurwa. Abin da ya fi damunsa ba yunwa ba ne, ba sauro ba ne. Ya ce mini bai san ko sallolin da ya yi a wurin sun karɓu ba, don bai samu ko taki ɗaya da ya tabbata mai tsarki ne ba.

Na huɗu, kuma wannan shi ne ya karya shi. Sashe na talatin da shida ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa a kotu. Da Baba ya kwana takwas a hannunku, ranar Alhamis, kuka kira 'yan jarida da masu ɗaukar hoton talabijin. Kuka fito da shi harabar ofis tare da wasu samari da ake zargi da fashi, kuka zaunar da su a ƙasa a jere. An cire masa hula. Ni tunda nake ban taɓa ganin kan mahaifina a buɗe a gaban mutane ba sai a talabijin. A gabansu kuka kafa tebur kuka baje kaya: ga wayar wuta, ga tukwanen matan Kwali, ga koren akwati an ɓalle masa kwaɗo, an zaro farin yadin an barbaza shi har yana jan ƙasa. Kai da kanka ka tsaya a tsakiya cikin kaki mai guga, ka ce an kama ƙasurgumin mai ɓoye kayan sata da ya daɗe yana addabar jama'a.

An nuna wannan a labarun ƙarfe bakwai. A Yangoji an gani a teburin mai shayi, an gani a gidan mai unguwa, wanda bai gani ba aka ba shi labari da ƙari. Alhaji Mudi ya ga likkafaninsa a cikin kayan sata. Akwatin da Baba ya riƙe shekara takwas bai taɓa ɗaga murfinsa ba, ku kuka buɗe shi da ƙarfe a gaban duniya. Wane alƙali ne ya yanke hukunci kafin wannan rana? Babu. Kai ne ka kama, kai ne ka yi shari'a, kai ne ka yanke, kuma a gaban mutanen da ba za su taɓa zuwa kotu su ji ƙarshen magana ba.

Ba don wata abokiyar aikina ba, da ban san iyakar kwanan da zai yi ba. Madam Rahila, mutuniyar Filato, tana sashen shari'a a ma'aikatarmu. Ranar Litinin, Baba na da kwana goma sha biyu a tsare, ta same ni ina buga wasiƙa hawaye na ɗiga a kan takarda. Da na ba ta labari ba ta ce mini sannu ba, tambaya ta yi: wane lauya ne ya gan shi? Na ce babu. Ta riƙe baki. Ta ja aljihun teburinta ta fito da ɗan littafin kundin, ta buɗe, ta aza yatsa a kan sashen, ta ce, "Hajara, karanta da bakinki. Wannan littafi ba na lauya kaɗai ba ne, na Baba ne." Na sha buga sunan littafin nan a saman takardun gwamnati, amma ban taɓa buɗe shi ba sai ranar. Kunya ta kama ni, sannan fushi ya biyo baya. A ranar ta haɗa ni da wani lauya ɗan cocinsu, ban ko shawarci Kawu ba. Takarda ɗaya lauyan ya rubuto maka. Abin da durƙuson dattawa goma bai yi ba, shafi ɗaya ya yi shi cikin mako guda.

Na biyar. A kotu aka ba Baba tafinta, kamar yadda kundin ya tanada, ba tare da an ce mu biya ba. A nan ne, bayan kwana goma sha tara, ya fara jin "bayaninsa" da Hausa. Yana tsaye yana saurare har aka kai ƙarshe, sai ya juyo wajen mai shari'a ya ce, "Ranka ya daɗe, yatsan nawa ne, amma maganar nan yau na fara jin ta." Aka ba da belinsa a ranar. Bayan wata biyu aka kama direban tifa, ya faɗa da bakinsa cewa tsohon bai san komai ba, rumfarsa ya zaɓa don kowa ya san ba ya buɗe ajiya. Mai gabatar da ƙara ya janye tuhuma, kotu ta sallami Baba. A ranar mu huɗu ne a ɗakin kotun: ni, da Kawu, da lauya, da Madam Rahila. Babu ɗan jarida ko ɗaya. Ranar da aka ɓata shi duniya ta gani, ranar da aka wanke shi kuwa mu kaɗai muka ji.

Mun mayar da shi Yangoji. Mutane sun yi ta zuwa jaje, Allah Ya kiyaye gaba, Allah Ya sa iyakar wahalar ke nan. Babu wanda ya kira shi ɓarawo a gabansa, mutanenmu suna da kara. Amma ɗakin kwanon nan yau wata bakwai ke nan babu wanda ya kawo ko ƙullin gishiri. Wasu tsoron 'yan sanda suke, wasu kuma suna cewa a ransu ai banza ba ta kai zomo kasuwa, hukuma ba ta nuna mutum a talabijin haka kawai. Baba ya san suna faɗa. Mutunci madara ne, Yallaɓai, kuma kai ne ka zubar da nasa.

Na shida, maganar kaya. Na san doka ta yarda ku riƙe kaya na ɗan lokaci saboda bincike. Bincike ya ƙare, shari'a ta ƙare. Wayar wuta kun mayar wa masu ita tun da jimawa, su manyan mutane ne. Doya ta ruɓe, tukwane sun farfashe, masu su sun ce sun yafe, Baba ya ƙi, sai da muka sayo muka maye musu. Duk abin da kasuwa ke sayarwa mun maye. Amma yadin da aka tsoma a Zamzam da hannun mai shi, a wace kasuwa ake samunsa? Sau shida ina zuwa a kan akwatin nan. Yau a ce mai riƙe da makullin ɗakin kaya ya tafi kwas, gobe a ce sai oga ya sa hannu. A zuwana na ƙarshe na zagaya baya na leƙa ta taga. Na ga akwatin a ƙasa, a ƙarƙashin wata tsohuwar taya, murfin a karkace, ga rufin ɗakin yana yoyo, ga damina ta kankama.

Alhaji Mudi bai taɓa tambaya ba. Kullum in ya zo gaishe da Baba sai ya ce, "Idi, rabu da zancen nan, ƙasa ba ta zaɓen yadi." Wata biyu da suka wuce, ranar wata Asabar da azahar, Allah Ya yi masa rasuwa. Aka aika Kwali da babur aka sayo yadi a kasuwa, aka yi masa sutura kafin la'asar. Shi da Baba sun yi alkawari tun suna da ƙarfi cewa wanda ya rage shi zai shiga kabari ya karɓi ɗan'uwansa. Kawu ya ce mini Baba bai shiga ba. A sahun baya ya tsaya, shi da ba a taɓa ganinsa a bayan liman da nisa ba, kuma da aka kira sunansa a bakin kabari sai ya girgiza kai. Ya ce da wane hannu zai karɓe shi, alhali hannun bai mayar da abin da aka ba shi ba.

Ranar sadakar uku babban ɗan Alhaji ya zo gidanmu da saƙo. Ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya cewa in akwatin ya dawo, na Idi ne, shi ya yi amfani da abin da ke ciki. Duk muka ji daɗi, muka ce to, nauyi ya sauka. Amma Baba ya ce, "Allah Ya jiƙansa, ya so ni a raye, ya so ni a mace. Amma ba a yi wa mutum kyautar abin da bai mayar ba. Sai na damƙa shi a hannunku kamar yadda ya damƙa mini, sannan ku yi yadda kuka ga dama." Liman ya yi masa magana, Kawu ya yi, ni na yi har da kuka. Bai sauka daga kan maganarsa ba.

Yanzu ba ya zuwa rumfa. Hawan jini ya kama shi tun daga ɗakinku, ƙafafunsa sun kumbura, abincin kirki ba ya ci. Da safe sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure yana fuskantar titi. In na je ƙarshen mako ba ya tambayata aiki, ba ya tambayata yara. Tambayarsa ɗaya ce: "Sun ce yaushe?" Ƙaryata ta ƙare, Yallaɓai, ban da sauran abin da zan ce masa.

Lauya ya ce muna da damar kai ƙara, domin kundin ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da kuma ban-haƙuri a bainar jama'a. Baba ya ce shi ba ya ƙarar hukuma, ba ya kuma cin kuɗin wahala. Na girmama maganarsa zuwa yanzu. Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ka sa a buɗe ɗakin nan a fito da koren akwatin Alhaji Mudi da abin da ke cikinsa, a yadda yake, ko da ruwa ya taɓa shi. Mu za mu wanke.

Ka turo jami'i mai anini a kafaɗa, in ba za ka iya zuwa da kanka ba, ya zo Yangoji ranar kasuwa ya tsaya a gaban rumfar nan ya faɗa da Hausa, a fassara da Gbagyi, cewa kotu ta sallami Malam Idi, ba shi da laifi. Dattawanmu sun zo sun ba ku haƙuri a kan laifin da ba su yi ba. Ba zai rage ka da komai ba in ka bayar da shi sau ɗaya a kan wanda aka yi. Masu kyamarar da ka kira ranar Alhamis ɗin nan ma ka san lambarsu.

Ka sa a soke layin nan da aka rubuta a fayil cewa dangi sun amsa laifi, domin ƙarya ce aka yi wa liman da mamaci.

Sannan, saboda na baya, ka sa a rubuta waɗannan haƙƙoƙi manya-manya a bangon kantarku, da Hausa da sauran harsunan da ake ji a birnin nan, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu kafin a miƙo masa tawada. Soja sun koma bariki da daɗewa, an ce mana yanzu doka ce ke mulki. A cikin samarin da aka jera da Baba a ƙasa ban san mai laifi ba, ban san marar laifi ba, kai ma a ranar ba ka sani ba. Su ba su da Madam Rahila.

Ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya. Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare ka daga haɗarin aikinka, Ya sa ka gama lafiya ka koma cikin iyalinka. In mahaifinka yana raye, Allah Ya sa kada ka taɓa ganin kansa babu hula a gaban mutane. In ya rasu, Allah Ya jiƙansa.

Farin yadin nan mai shi na farko ya tafi bai same shi ba. Wanda aka bar wa shi yana zaune a zaure yana kallon titi. Ina roƙonka don Allah ka aiko da shi tun Baba yana da hannun da zai miƙa shi da kansa. In ka makara kamar yadda ka makara wa Alhaji Mudi, mu ma za mu aika Kwali da babur, yadi ba ya wuya. Amma a ranar, in an ajiye gawa liman ya juyo ya tambayi jama'a ko akwai wanda yake da haƙƙi a kan mamaci, na riga na gaya wa Kawu Sale abin da zai faɗa, kuma wannan karon ya yarda da maganata. Zai ce akwai ajiya ɗaya da Malam Idi bai mayar ba, kuma makullin yana ofishinka.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Hajara 'yar Malam Idi Mai Ajiya,
Yangoji.